Me ya sa Baba yake tangaɗi da zarar ya rufe ido?

Wata baiwar Allah ce ta aiko da tambaya a kan mahaifinta, dattijo mai shekara 68 wanda ya kai shekara 12 yana fama da ciwon sukari. Ta ce da rana yana tafiyarsa lafiya lau, amma da an kashe fitila, ko ya rufe ido zai wanke fuska, sai ya fara tangaɗi har ya nemi faɗuwa. A asibiti likita ya sa shi ya rufe ido, ya kama babban yatsan ƙafarsa yana ɗagawa yana saukewa, aka tambaye shi ina yatsan ya nufa, ya kasa faɗa. An duba idonsa da kunnensa ba a ga komai ba, ƙarfin ƙafarsa kuma yana nan. Tambayarta ita ce: idan ido lafiya, kunne lafiya, tsoka lafiya, to me ya lalace?

Malama, Allah ya ba Baba lafiya. Bisa ga bayanin da kika yi, abin da ya raunana wani ji ne da kowa yake da shi amma ba kowa ya san da zamansa ba, domin ba ya cikin guda biyar ɗin nan da aka saba lissafawa. Kafin na yi nisa, gwada wani abu a inda kike zaune. Rufe idonki, ki miƙa hannun dama can gefe, sannan ki dawo da shi ki taɓa kan hancinki da yatsa. Kin samu? To wa ya faɗa miki inda yatsan yake a hanya? Ba ki gan shi ba, ba ki ji ƙararsa ba, bai taɓa komai ba sai da ya iso. Jiki ne da kansa yake ba ƙwaƙwalwa labarin inda kowace gaɓa take, da inda ta nufa, da saurin da take yi, da nauyin da take ɗauke da shi. Da na so in kira shi "jin jiki", to amma kin san abin da Bahaushe yake nufi idan ya ce wane yana jin jiki. Don haka zan riƙa cewa jin gaɓoɓi.

Masana sun daɗe da lura da shi. A 1826 wani likitan fiɗa ɗan Sikotilan, Charles Bell, ya yi bayanin cewa tsakanin tsoka da ƙwaƙwalwa hanya biyu ce: ɗaya tana kai umarni, ɗaya tana dawo da labari. A 1906 Charles Sherrington na Ingila ya raɗa masa sunan da likitoci suke amfani da shi har yau, furofiriyosefshin, daga kalmar Latin mai ma'anar "na mutum shi kansa". Wato ji ne wanda abin da yake ji ba a waje yake ba, jikin ne yake jin kansa.

Akwai wata tangarɗa ta harshe da ya kamata mu kawar tukuna. Jijiya a Hausa ta haɗa abubuwa uku: wadda jini yake bi, da farar igiyar nan mai tauri da take ɗaure tsoka da ƙashi, irin agara ta bayan diddige, da kuma siraran zaruruwan da suke kai saƙo tsakanin jiki da ƙwaƙwalwa. Ta biyun zan kira ta agara duk inda take a jiki, ta ukun kuma jijiyar saƙo.

A cikin kusan kowace tsoka da muke motsawa da ita akwai wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa, tsawonsu 'yan milimitoci ne, masu kauri a tsakiya da tsini a kai biyu. Siffarsu ta sa aka yi musu suna da mazari, irin na kaɗi. Suna kwance a jere da zaren tsokar, jijiyar saƙo ta nannaɗe tsakiyarsu. Idan tsoka ta miƙe, mazarin ma ya miƙe, sai jijiyar ta ƙara yawan saƙon da take harbawa. Idan ta tsuke, saƙon ya ragu. Daga nan ƙwaƙwalwa take lissafi: tsokar gaban cinya ta yi tsawo kaza, ta baya ta gajarce kaza, ashe gwiwa ta lanƙwashe kaza. Wasu zaruruwan suna ba da labarin tsawo, wasu labarin saurin canjin tsawon. Abin da ya fi burge ni game da mazarin nan shi ne yana da 'yar tsokarsa ta kansa a bakin nan biyu, kuma laka tana aiko masa da umarni na daban domin ya ɗame kansa. Ba don haka ba, da tsoka ta tsuke sai ya yi sako-sako ya yi shiru, kamar igiyar da aka sassauta. Ma'auni ne da ake saita shi a kowane motsi.

Ba a raba mazaran daidai a jiki ba. Sun fi cunkushewa a ƙananan tsokokin wuya da ke ƙasan ƙeya da kuma na hannu, wuraren da kuskure kaɗan yake jawo babbar ɓarna. A mahaɗar tsoka da agara kuma akwai wani ma'aunin daban, wanda Camillo Golgi na Italiya ya gano, ana kiransa da sunansa. Shi ba ruwansa da tsawo, ƙarfin ja yake aunawa. Da taimakonsa kike bambance jaka mai nauyi da marar nauyi ido a rufe. Fata ma tana ba da nata labarin, domin duk lokacin da gaɓa ta lanƙwashe fatar wani gefen tana miƙewa, sannan tafin ƙafa yana faɗin inda nauyin jiki ya karkata, gaba ko baya, dama ko hagu.

An daɗe ana zaton cewa cikin gaɓar ce kanta take faɗin matsayinta, wanda a ido shi ne abin da hankali zai fi kamawa. Abubuwa biyu suka rushe wannan zato. Na farko, mutanen da aka cire musu gaɓar ƙugu aka sa ta ƙarfe ba su daina sanin inda cinyarsu take ba. Na biyu, wani gwaji da masana uku, Goodwin da McCloskey da Matthews, suka wallafa a 1972. Sun rufe wa mutum ido, suka ɗora wata na'ura mai karkarwa kamar sau 100 a daƙiƙa a kan agarar tsokar damtsensa. Karkarwar tana zuga mazarai su yi ta harba saƙo kamar tsokar miƙewa take yi. Sai mutumin ya ce hannunsa yana miƙewa, alhali bai motsa ba. A 1988 James Lackner a Amurka ya ƙara wa abin armashi: ya sa mutum ya kama hancinsa da wannan hannun yayin da ake karkarwar. Ƙwaƙwalwa ta sami labari biyu, hannu yana nisa da fuska, kuma yatsu suna riƙe da hanci. Mafitar da ta samu ita ce hancin ne yake tsawo, kuma mutane da dama haka suka ji. Darasin da likita yake ɗauka daga nan shi ne, ƙwaƙwalwa ba ta da wata hanyar sanin inda gaɓa take sai ta labarin da aka kawo mata. In labarin ya gurɓata, sanin ma ya gurɓata.

Saƙon yana tafiya ta jijiyoyi mafi kauri da sauri a jikin mutum, wasu suna kusan mita 100 a daƙiƙa. Da ya shiga laka sai ya rabu. Wani yana juyowa nan take zuwa tsoka ba tare da ya je ƙwaƙwalwa ba. Shi ne abin da kike gani idan likita ya ƙwanƙwasa ƙasan ƙoƙon gwiwa da 'yar gudumar roba ƙafa ta yi harbi, kuma shi ne yake cetonki idan kika taka dutse ƙafa ta nemi gurɗewa, tun kafin ki ankara. Wani yana zuwa ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke wajen ƙeya, wadda take gwada motsin da aka yi niyya da wanda ya auku, ta gyara bambancin. Wannan ba ya shiga sanin mutum ko kaɗan. Na uku yana hawa ta bayan laka har saman ƙwaƙwalwa, kuma shi ne yake sa a tambaye ki ina yatsanki ya nufa ki ba da amsa. Wanda likita ya gwada a ƙafar Baba ke nan.

Ba a san ainihin abin da yake mayar da miƙewa ta zama saƙon lantarki ba sai kwanan nan. A 2010 ɗakin binciken Ardem Patapoutian a Amurka ya gano wasu ƙofofi a bangon ƙwayar halitta da suke buɗewa idan an danna ko an ja bangon, aka sa musu suna Piezo1 da Piezo2. A 2015 aka nuna a jikin ɓeraye cewa Piezo2 ita ce babbar ƙofar jin gaɓoɓi, a 2016 kuma aka ba da rahoton mutane biyu da aka haifa tasu ba ta aiki, waɗanda in an rufe musu ido tafiya take gagararsu. Patapoutian ya sami kyautar Nobel a 2021 tare da David Julius.

Yanzu mu dawo kan Baba. Tsayuwa a kan ƙafa biyu tana dogara da shaidu uku: ido, da ma'aunin daidaito da ke can cikin kunne, da jin gaɓoɓi, musamman na idon sawu da tafin ƙafa. Yawanci biyu daga cikin ukun sun isa. Baba ya rasa kaso mai yawa na ɗaya, kuma da alama ba jiya ko shekaranjiya ya fara rasa shi ba. A hankali abin ya riƙa tafiya, ido yana rufa masa asiri. Da rana idonsa ne yake yin aikin da ƙafarsa ta daina yi, shi ya sa za ki lura, in kin sa ido, yana yawan kallon ƙasa in yana tafiya, yana ɗan buɗa ƙafafu, wataƙila ma yana buga diddige da ƙarfi a ƙasa kamar mai neman ya ji inda ya taka. Da duhu ya zo, ko sabulu ya sa ya rufe ido, shaida ɗaya ta rage, ita kuwa ba ta isa ba. Duhu bai jawo masa ciwo ba, tona abin da yake nan ya yi.

Wani likitan Jamus, Moritz Romberg, ya bayyana wannan alama tun a shekarun 1840, a jikin masu tunjere da ya ci bayan lakarsu. Har yau da sunansa ake kiran gwajin: mutum ya tsaya ya haɗe ƙafafu, ido buɗe, sannan ya rufe. In yana tsaye daram da ido buɗe amma ya tafi luu da ya rufe, hankalin likita yana komawa kan jin gaɓoɓi ko cikin kunne. Mai ciwon ƙaramar ƙwaƙwalwa kuwa ko idonsa a buɗe tangaɗi yake. Kada ku gwada wannan a gida sai da wani mai ƙarfi tsaye dab da shi.

Me ya sa ƙafa, ba hannu ba? Domin jijiyar da take tashi daga ƙasan baya zuwa yatsan ƙafa ita ce mafi tsawo a jiki, kimanin mita guda, kuma ƙwayar halitta guda ce take ciyar da duk wannan tsawon. Yawan sukari a jini na tsawon shekaru yana lalata jijiyar da ƙananan hanyoyin jinin da suke shayar da ita, kuma can ƙarshe mafi nisa ne yake fara mutuwa. Sai abin ya riƙa hawowa kamar ana jan safa. Lokacin da ya kusa gwiwa, sai kan yatsun hannu ma su fara. Masu wannan matsala sukan ce ji suke kamar a kan auduga suke tafiya, ko takalmi ya zame daga ƙafarsu ba su sani ba. Kusan rabin masu ciwon sukari suna samun lalacewar jijiya a wani mataki na rayuwarsu.

Sai dai ina da ja a nan, kuma shi ne abin da na fi so ki riƙe. Kasancewar mutum yana da ciwon sukari ba ya nufin duk abin da ya sami ƙafarsa sukari ne. Sau da yawa da an ga sukari a katin majiyyaci sai a rufe bincike. Ƙarancin bitamin B12 yana kawo irin wannan alama sak, domin yana cin jijiyoyin ƙafa da bayan laka, kuma maganin metformin, wanda ɗimbin masu sukari suke sha shekara da shekaru, yana rage yadda hanji yake tsotse wannan bitamin. Tsufa ma yana rage tsotsewar. Gwajin jini ne mai sauƙi, kuma in an kama shi da wuri ana magance shi, in ya daɗe kuwa ɓarnar tana iya zama. Ki roƙi likitansa a auna. Wannan ba dalili ba ne na daina shan metformin, ƙarin bitamin ake bayarwa. A gefe guda kuma kada a je a sayo masa tarin bitamin haka kawai, domin B6 in ya yi yawa shi kansa yana lalata jijiyoyin ji. Giya, da wasu magungunan ciwon daji irin su cisplatin, da ciwon ƙoda, da matsewar laka a wuya saboda zaizayar ƙashi, duk suna cikin abubuwan da likita mai natsuwa zai tambaya.

Don ki ga iyakar abin da wannan ji yake yi mana, da kuma iyakar abin da mutum yake iya yi in ya rasa shi, akwai wani Bature ɗan Ingila, Ian Waterman, wanda labarinsa ya shahara a wurin likitocin jijiya. A 1971, yana ɗan shekara 19 yana aikin fawa a tsibirin Jersey, ya yi wani zazzaɓi, bayansa ya rasa jin taɓawa da jin gaɓoɓi daga wuya zuwa ƙasa. Yana jin zafi da sanyi da ciwo, tsokokinsa kuma ƙarfinsu na nan, amma ko zama ya gagara. In ya kau da ido daga hannunsa, hannun yana iya tafiya inda ya ga dama. Bayan watanni masu yawa na horo ya koyi zama, da tsayuwa, da tafiya, duk ta hanyar kallon gaɓoɓinsa da tsara kowane motsi a ransa kafin ya yi. Ya koma aiki, har mota ya tuƙa. Amma in fitila ta mutu ba zato yana tsaye, zubewa yake yi. Jijiyoyinsa ba su dawo ba. Ƙwaƙwalwarsa ce ta sami wata hanya, mai tsada ƙwarai wajen cin hankali.

Wannan ya kawo ni kan abin da za a yi. Ba zan ɓoye miki ba, jijiyar da sukari ya kashe da wuya ta dawo yadda take. Daidaita sukari yana rage saurin ɓarnar ne. Atisaye ma ba ya tsiro da sabon mazari. Abin da yake yi shi ne koya wa ƙwaƙwalwa ta ci moriyar ɗan labarin da ya rage, ta kuma ƙara dogara da na gwiwa da ƙugu da cikin kunne, sannan yana ƙarfafa tsokar da za ta tare mutum in ya karkace. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin an tabbatar cewa atisayen daidaita tsayuwa yana rage faɗuwa a wurin tsofaffi. Likitan gashi da motsa jiki zai tsara masa wanda ya dace da shi, amma yawanci bai wuce tsayuwa da ƙafa ɗaya kusa da abin dafawa mai ƙwari ba, da tafiya diddige na bin yatsa a kan layi, da tashi daga kujera ba tare da dafa hannu ba. Kaɗan-kaɗan kullum ya fi mai yawa sau ɗaya a mako. Irin wannan horon ake ba ɗan ƙwallon da ya yi targaɗe, domin wanda idon sawunsa ya taɓa gurɗewa ya fi saurin sake gurɗewa, kuma ba sakin agara kaɗai ke jawo hakan ba, har da raguwar jin wurin.

Maganar sanda kuma. Dattawa da yawa suna ƙin ta, suna cewa ƙafarsu da ƙarfinta, kuma gaskiyarsu ne. To a faɗa wa Baba cewa ba don rauni za a ba shi ita ba. Lackner ɗin nan da wani masani, Jeka, sun nuna a 1994 cewa mutumin da ya rufe ido, in ya ɗora kan yatsa ɗaya a kan abin da ba ya motsi, taɓawa mai sauƙin da ba za ta ɗauki nauyin komai ba, rangajinsa yana raguwa sosai. Yatsan ba tallafa shi yake yi ba, labari yake kawowa. Sanda ma haka take, hanya ce da hannu mai ji zai karɓi aikin ƙafar da ta daina ji. Da wannan dalilin ne shafa bango da yatsu in zai zaga da dare yake taimako fiye da yadda ake zato.

Sauran gyare-gyaren na gida ne. A bar ƙaramar fitila a kunne tsakanin gadonsa da banɗaki. Ya riƙa wanke fuska da wanka a zaune, ko ya dafa abu kafin ya rufe ido. A kwashe shimfiɗun da suke zamewa da wayoyin da ke kan hanya. Takalmi ya zama mai kama ƙafa, mai ƙasa mai ɗan tauri, domin mai laushi da kauri sosai yana ƙara dusashe ɗan jin da ya rage. Amma kada wannan ya sa a ce ya yi yawo ba takalmi. Ƙafar da ba ta jin inda take, ba ta jin ƙusa ma, kuma gyambon mai sukari daga nan yake farawa, don haka a riƙa duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu kowace rana. A kuma kai wa likita duk magungunan da yake sha, domin na barci da wasu na hawan jini suna ƙara tangaɗin dare. Tun da idonsa ne yake ɗauke da kayan yanzu, duba ido sau ɗaya a shekara ya zama dole ninki biyu, saboda sukari yana taɓa ido shi ma.

Duk abin da na faɗa ya shafi matsalar da ta zo a hankali cikin watanni ko shekaru, a ƙafa biyu daidai. In kuwa kuka ga sagewar tana hawowa cikin kwanaki, ko ta kama ɓari ɗaya na jiki farat ɗaya, ko baki ya karkace ko magana ta sarƙe, ko ta zo da ciwon baya ko wuya tare da kasa riƙe fitsari ko bayan gida, wannan wani abu ne daban. Kada a jira ranar ganin likita, a kai shi sashen gaggawa a ranar.